Wayar Faiba A Akurba: Yadda Ake Zaɓen Akwatin Da Ake Kafawa A Jikin Bango

LAFIYA — Wayar faiba, wato zaren gilashin nan da ke ɗaukar saƙon intanet ta hanyar haske maimakon wutar lantarki, tana yin tafiyar ɗaruruwan kilomita daga gaɓar teku a Legas kafin ta iso Jihar Nasarawa. Inda tafiyar ke ƙarewa kuwa shi ne wani ɗan akwati da ake kafawa a jikin bangon shago, ko ofis, ko makaranta. Wannan akwati yana cikin mafi araha daga kayan da ake haɗawa, amma shi ne ke kwana a waje yana shan rana da ruwa da ƙura. Saboda haka ɗan kasuwar da ke Akurba, unguwar da ke kan hanyar Shendam a bakin garin Lafiya, yana da dalilin sanin irin akwatin da za a manna masa tun kafin masu aiki su ɗauko tsani.

Abubuwa biyu da suka faru a 'yan shekarun nan ne suka kusanto da wannan batu ga mutanen yankin. A watan Fabrairu na shekarar 2022, Shugaban Ƙasa na wancan lokaci, Muhammadu Buhari, ya buɗe babbar tashar rarraba wutar lantarki mai ƙarfin kilobolt 330 a Akurba. Sannan a shekarar 2023 Gwamnatin Jihar Nasarawa, ƙarƙashin Gwamna Abdullahi Sule, ta soke kuɗin da kamfanonin sadarwa ke biya kafin su binne waya a gefen hanyoyin jihar, kuɗin da Majalisar Tattalin Arzikin Ƙasa ta tsayar a kan Naira 145 kowace mita, wanda kuma jihohi da dama suka daɗe suna karɓar fiye da haka. A matakin tarayya kuma, Majalisar Zartaswa ta amince a shekarar 2024 da shirin shimfiɗa ƙarin kilomita 90,000 na faiba a faɗin ƙasar nan. Duk wannan aiki da kuɗi, ƙarshensa dai bangon mai saye ne.

Abin Da Ke Cikin Akwatin

Zaren faiba bai wuce kaurin gashin kai ba. Faɗin gilashin mikiron 125 ne, wato kashi ɗaya bisa takwas na milimita, hanyar da hasken ke bi a tsakiyarsa kuwa ba ta wuce mikiron 9 ba. Kebul ɗin da ke zuwa daga falwaya ko daga ƙarƙashin ƙasa yana da riga mai kauri wadda ke jure rana da ruwa, amma a wurin da zai sadu da wayar cikin gida dole a feɗe rigar nan, a fito da zaren, a narka bakinsa da na wani da na'ura ta musamman su haɗe, ko kuwa a ɗaura masa kan jonawa. Wannan mahaɗa ita ce wuri mafi rauni a duk layin, kuma dominta ake sa akwati.

Kamfanin da ke ba da layi yana turo haske ne gwargwado. A tsarin GPON, wanda shi ne aka fi amfani da shi wajen kai faiba gidaje da shaguna, abin da aka yarda haske ya rage tsakanin ofishin kamfani da na'urar mai saye ya kai desibel 28 a ajin da aka fi sayarwa. Kowane desibel uku da aka rasa, rabin hasken ke nan ya tafi. Idan aka raba zare ɗaya ga mutum 32, rabon kaɗai zai ci kimanin desibel 17. Tafiyar kilomita goma za ta ci uku da rabi, mahaɗai da kawunan jonawa na hanya kuma su ci kamar biyu. Abin da ya rage wa mai saye ke nan bai wuce biyar ko shida ba. Ƙwayar ƙura ɗaya a bakin kan jonawa, ko lanƙwasa mai tsanani a cikin akwati, tana iya cinye wannan rara gaba ɗaya. Daga nan sai layi ya fara yankewa yana dawowa, ko fitilar na'ura ta koma ja, mai shago kuma ya ɗora laifin a kan kamfani alhali matsalar tana jikin bangonsa.

Da Wuta A Ciki Ko Babu?

Tambayar farko da ya kamata a amsa ita ce mene ne zai zauna a cikin akwatin, domin akwatunan iri biyu ne kuma bukatunsu sun saɓa wa juna.

Iri na farko shi ne wanda ba ya ɗauke da komai sai mahaɗar zare da kan jonawa, wani lokaci da abin raba haske idan gini ne mai shaguna da yawa. Ba ya bukatar wuta, ba ya fitar da zafi, saboda haka iyakar abin da ake nema gare shi shi ne ya rufu ruf. Iri na biyu shi ne wanda ake sa na'urar ONT a cikinsa, wato na'urar da ke juya haske ya koma saƙon da kwamfuta ke ganewa, tare da caja, wani lokaci har da batir. Wannan na'ura tana shan wuta kaɗan, abin da bai cika wuce wat goma ba, amma duk abin da ta sha zafi yake komawa. Akasarin irin waɗannan na'urori an yi su ne domin cikin ɗaki, kuma takardunsu kan nuna iyakar zafin da suke jurewa digiri 40 ne ko sama da haka kaɗan.

A Lafiya kuwa, a watannin Fabrairu da Maris zafi kan haura digiri 35 a inuwa. Akwatin da aka rufe ruf aka kafa shi a rana, cikinsa yakan fi waje zafi da digiri goma ko fiye. Na'urar da aka kulle a irin wannan wuri za ta riƙa mutuwa da tsakar rana tana farfaɗowa da yamma, kwananta kuma zai gajarta. Batir ya fi ta saurin lalacewa, domin batirin dalma yana rasa kusan rabin kwanansa duk lokacin da zafin wurin ajiyarsa ya ƙaru da digiri goma a kan digiri 25.

Don haka hanya mafi sauƙi ga ƙaramin ɗan kasuwa ita ce a bar mahaɗa kaɗai a waje, a shigar da siririyar waya ta cikin bututu zuwa ɗaki, a ajiye na'ura inda akwai inuwa da iska kusa da inbata ko wutar sola. In kuwa ya zama dole na'urar ta zauna a waje, kamar a gidan mai, ko ma'ajiyar doya da riɗi, ko gona mai kyamarorin tsaro, to sai a nemi akwati babba mai farin launi, mai tagogin iska da ke kallon ƙasa waɗanda aka toshe da raga da matatar ƙura, a kuma yi masa rumfa. A nan akwatin da ya fi rufuwa ba shi ne ya fi dacewa ba.

Ma'anar Lambobin Da Ke Jikin Akwati

Duk akwatin kirki yana ɗauke da haruffan IP da lambobi biyu a bayansu, bisa ƙa'idar IEC 60529 ta hukumar daidaita kayan lantarki ta duniya. Lambar farko, daga 0 zuwa 6, tana nuna yadda yake tare ƙura da ƙananan abubuwa. Lamba 5 na nufin ƙura kaɗan na iya shiga amma ba ta kai ta hana aiki ba, 6 kuwa na nufin ba ta shiga ko kaɗan. Lamba ta biyu ta ruwa ce: 4 fantsama, 5 feshi, 6 feshi mai ƙarfi, 7 nutsewa cikin ruwa mai zurfin mita ɗaya na tsawon minti 30, 8 kuma zama cikin ruwa na dogon lokaci gwargwadon abin da maƙerin ya bayyana.

Yanayin Lafiya yana gwada lambobin nan duka biyu. Daga watan Afrilu zuwa Oktoba damina ce, ruwan shekara yakan haura milimita 1,000, na farkon damina kuma da iska mai ƙarfi yake zuwa, yana bugun bango a karkace. Daga Disamba zuwa Fabrairu kuma hunturu ne da ƙurarsa mai laushi wadda ke shiga duk inda iska ke shiga. Saboda haka akwatin mahaɗa da zai zauna a bango a fili bai kamata ya gaza IP65 ba. Mai IP54 ko IP55 zai iya wadatarwa a cikin baranda mai rufi. IP68 kuwa na wanda za a sa a rami ne ƙarƙashin ƙasa, inda ruwa ke taruwa, kuma biyan kuɗinsa domin bangon da ke ƙarƙashin rufi ɓarnar kuɗi ce.

Sai dai lambar tana aiki ne kawai idan an haɗa akwatin yadda maƙerinsa ya tsara. Mai aikin da ya huda gefensa da ƙusa mai zafi ya zura waya, ko ya bar ƙofar da ba a yi amfani da ita ba a buɗe, ko ya jefar da zoben robar da ke bakin murfi, ya mai da IP65 rariya. Kowa ya sayi rariya kuwa ya san za ta zubar da ruwa. Dole kowace waya ta shiga ta ƙasan akwati, ta cikin zoben matsi da ya yi daidai da kaurinta, a kuma bar ta ta ɗan sauko ƙasa da akwatin kafin ta hau, domin ruwan da ke bin jikinta ya ɗiga ƙasa.

Akwai kuma ruwan da ba daga sama yake zuwa ba. Da rana iskar cikin akwati tana kumbura ta fita, da dare ta yi sanyi ta jawo iska mai laima, laimar kuma ta zama raɓa a jikin murfi. A watan Agusta, lokacin marka, wannan raɓa tana iya taruwa har ta kwanta a gindin akwati. Maganinta shi ne ɗan mashaƙin iska da ake ɗaurawa a ƙasan akwatin, wanda ke barin iska ta wuce amma ya tare ruwa da ƙura. Kuɗinsa kaɗan ne, kuma ya kamata a tambaya ko akwai shi.

Roba Ko Ƙarfe

Akwatunan da ke kasuwa akasarinsu na roba ne, amma roba suna ta tara. Robar ABS zalla tana da araha da sauƙin sarrafawa, sai dai hasken rana yana cinta: takan yi rawaya, ta bushe, maƙalan murfinta su kakkarye. Robar PC, ko gaurayen PC da ABS wanda aka sa wa maganin rana, ta fi ta daɗewa. Akwai kuma na zaren gilashi da aka cuɗa da ƙaro, wanda ba ya tsatsa, ba ya ɗaukar wuta, ana kuma yin manyan akwatuna da shi. Na ƙarfe ya fi ƙarfi a wurin da ake tsoron ɓarna, amma yana ɗaukar zafi, yana tsatsa duk inda fenti ya kankare, idan kuma na'urar da ke ciki ita ce ke watsa intanet ta iska, ƙarfen zai danne saƙon.

Ƙarfin jure duka ma yana da ma'auninsa, wato haruffan IK. Akwati mai IK08 yana jure bugu mai ƙarfin jul biyar, mai IK10 kuma jul ashirin. A bakin hanya irin ta Shendam, inda ake jingina babura da sauke kaya a jikin bango, wannan lamba tana da amfani kamar ta IP.

Game da girma, abin lura shi ne gilashi ba ya son a karya masa kwana. Zaren G.652, wanda aka fi shimfiɗawa a manyan layuka, yana bukatar da'irar da faɗinta bai gaza santimita shida ba. Zaren G.657, wanda aka yi domin shiga gidaje, yana jure lanƙwasa fiye da haka nesa ba kusa ba, amma shi ma yana da iyaka. Akwatin kirki yana da faranti na naɗe rarar zare da gurbin ajiye mahaɗa, kuma ya kamata a bar rarar mita ɗaya ko fiye, domin duk lokacin da aka sake haɗi sai an yanke wani abu. Mai ginin da ke da shaguna takwas, ko da uku ne kaɗai suka nemi layi a yau, gara ya sa akwati mai gurbi takwas tun farko, da ya bar kowane ɗan haya ya huda bango da nasa.

Haka nan a dubi launin kan jonawa. Kore yana nufin an goge bakinsa a karkace da digiri takwas, shuɗi kuma a miƙe. Ba a haɗa kore da shuɗi, domin haske zai zube, bakin gilashin ma yana iya karcewa. Duk gurbin da ba a jona ba a bar hularsa a kai. Kada kuma kowa ya leƙa bakin zare da ido don ya ga ko akwai haske, domin hasken da faiba ke ɗauka ido ba ya ganinsa amma yana iya yi masa lahani.

Wane Bango?

Wurin da aka kafa akwati yana iya ƙara masa shekaru ko ya rage. Bangon yamma shi ne ke shan ranar la'asar, lokacin da gari ya riga ya ɗauki zafi. Bangon gabas kuma shi ke karɓar bugun hadari, domin kamar yadda kowane manomi ya sani, daga gabas hadari ke tasowa a wannan yanki. Lafiya tana kimanin digiri takwas da rabi ne arewa da tsakiyar duniya, saboda haka daga watan Satumba har zuwa farkon Afrilu rana ta ɓangaren kudu take bi, wanda ya haɗa da watannin da zafi ya fi tsanani. Bangon arewa ke nan ya fi samun inuwa a lokacin da aka fi bukatarta. In an same shi, a kafa akwatin ƙarƙashin bakin rufi, nesa da indararo, nesa da hayaƙin janareta da bayan na'urar sanyaya ɗaki, a tsawon da yara da dabbobi ba za su kai ba amma mai gyara zai kai da gajeren tsani.

Ƙananan halittu ma abokan gaba ne. Tururuwa da kiyashi suna neman busasshen wuri da damina, zanzaro yana gina ɗakinsa na laka a kowace kafa, tsaka tana shiga ta yi ƙwai, ɓera kuma yana gaigayar siririyar wayar da ke tsakanin akwati da ɗaki. Bututu mai ƙwari daga ƙasa har zuwa gindin akwati, da toshe bakinsa, sun isa su kawar da yawancin wannan.

Game da tsawa, gilashi ba ya ɗaukar wutar lantarki, wanda yana cikin abubuwan da faiba ta fi tsohuwar wayar tagulla ta zamanin NITEL da su. Amma wasu kebul ɗin suna da silin ƙarfe a ciki domin ƙarfi, ko sulke domin kariya daga ɓera. Irin waɗannan, tare da duk akwatin ƙarfe, dole a haɗa su da wayar ƙasa ta ginin. Ɓarayi kuma sukan yanke faiba suna zaton tagulla ce, alhali babu abin sayarwa a cikinta. Dokar da Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a shekarar 2024 ta sanya kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa waɗanda lalata su laifi ne, amma kwaɗo da wuri mai haske da dare su ne kariyar farko.

Lissafin Riba Da Asara

A ranar 14 ga Maris, 2024, wayoyin ƙarƙashin teku guda huɗu, wato WACS da ACE da MainOne da SAT-3, sun lalace a kusa da gaɓar Kwaddibuwa, lamarin da ya taɓa bankuna da harkokin intanet a Nijeriya da maƙwabtanta. Irin wannan matsala ta kowa ce, kuma kamfanoni da hukumomi sukan tashi tsaye a kanta nan take. Matsalar akwatin bango kuwa ta mutum ɗaya ce. Maƙwabcinsa yana ciniki, shi yana jiran ma'aikaci, abokan hulɗarsa kuma suna tsallaka titi.

A ƙaddara wata cibiyar kwamfuta da ke yi wa ɗalibai rajistar jarrabawa, tana kuma cire wa mutane kuɗi da aika su, tana samun ribar Naira 30,000 a rana. A ƙaddara kuma bambancin farashi tsakanin akwati mai inganci da na jeka-na-yi-ka Naira 10,000 ne. Idan ruwa ya shiga mai arahar sau ɗaya tak, aka yi kwana uku kafin a zo a sake haɗi, an yi asarar Naira 90,000, ninki tara na abin da aka yi tsimi, ban da kuɗin gyara da na sabon akwati. Kowane ɗan kasuwa yana iya sa nasa alkaluman a wannan lissafi, amma da wuya amsar ta juya. Araha ba ta ado.

Abu na ƙarshe, wanda kuma aka fi mantawa da shi, shi ne mallaka. A al'adar harkar sadarwa, akwatin nan shi ne kan iyaka: daga gare shi zuwa falwaya alhakin kamfani ne, daga gare shi zuwa cikin gini alhakin mai saye. Wasu kamfanonin suna kawo akwatin a cikin kuɗin haɗawa kuma ba su yarda kowa ya buɗe shi ba, wasu kuma suna bar wa ɗan kwangila ya sayo abin da ya samu a kasuwa. Kafin a sa hannu a takardar yarjejeniya, ya kamata a rubuta wane ne mai akwatin, wa ke riƙe da mabuɗi, wa zai biya idan ruwa ya shiga, da kuma kwana nawa kamfani ya ɗauka zai zo gyara. Ɗan haya kuma ya nemi izinin mai gida a rubuce kafin a huda bango.

A ranar haɗawa, mai saye yana da damar neman a auna ƙarfin haske a gabansa, a rubuta masa adadin a jikin rasit. A tsarin GPON na'ura takan fara kasawa idan ma'aunin ya gangara ya kusanci 27 ƙasa da sifili, saboda haka layin da aka miƙa yana nuna 26 tun ranar farko ba shi da rarar da zai ketare damina da ita. Wannan adadi shi ne hujjar mai saye idan layin ya fara rauni daga baya, ko a gaban kamfanin, ko a gaban Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, wadda ke karɓar ƙorafin masu amfani da layukan sadarwa idan kamfani ya kasa warware shi. Bayan haka, abin da ya rage shi ne a riƙa duba akwatin daga waje sau biyu a shekara, a ƙarshen Maris kafin ruwan farko da kuma a watan Nuwamba kafin hunturu, a kira kamfani da zarar an ga tsaga a murfi ko zoben roba ya saki.